Sunana a Kan Aikin Taubashina

Kalmar farko da na iya faɗa da kyau a ajin koyon rubuta manhaja ita ce rifozitori. Na iya ta tun ban san ko ci ake yi ko sha ba. Sai in murɗa harshe in fito da ita kamar mai karanta labarai a rediyo, 'yan aji su waiwayo su dube ni, ni kuwa in gyara zama. Taubashina, ɗan gwaggona da ya zo daga Argungu, wata guda ya yi yana kokawa da ita. Duk sanda ya buɗe baki sai ta karye masa gida biyu, kuma ni ne nake fara dariya.

Ya girme ni da shekara bakwai. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, ya yi makarantar horon malamai amma aiki bai samu ba, sai ya koma fadama. Shekara biyu a jere ruwa ya hau ya cinye masa shinkafa tana gab da nuna. Gwaggo ce ta zo Birnin Kebbi da kanta ta zauna gaban mahaifina, ta ce ta ji an buɗe wurin koyar da kwamfuta kuma ni ina zuwa, a taimaka a haɗa da nata. Mahaifina bai iya yi wa yayarsa musu. Haka taubashina ya sauka a ɗakin zaurenmu a Gwadangaji, da jaka ɗaya da buhun busasshen kifi na tsaraba. Laftop kuwa guda ɗaya ce, wadda mahaifina ya saya mini, aka ce mu riƙa amfani da ita tare.

Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji wasa ne, kowa ya san wannan. Tun ina ƙarami in muka je Argungu yake ɗaga ni sama ya ce zai sayar da ni a kasuwar kifi, ni kuma in ce masa bawana. Ba a fushi da maganar taubashi. Ko ta yi zafi yaya, dariya ake yi, wanda ya ɓata rai shi ne ya ji kunya a dangi. Ni kuwa Allah ya ba ni baki, kuma tun da wuri na gane cewa da wannan wasan zan iya faɗa masa duk abin da na ga dama a gaban kowa, ba mai cewa don me.

Malaminmu ɗan wani mai sayar da kayan gyaran mota ne da ya zo daga kudu tun da daɗewa. A Birnin Kebbi aka haife shi, in yana zazzaga Kabanci, Hausar mutanen Kebbi, sai ka rantse kakansa masunci ne. Ya san aikinsa, amma ba shi da tausayi ko na sisin kwabo. Kowace safiya kafin a buɗe kwamfuta yana da abin da yake kira tsayuwar kalma. Zai nuna ka da alƙalami, ka miƙe, ya jefo maka kalma ɗaya ta aikin, ka yi bayaninta da Turanci. In ka kasa, a tsaye za ka zauna har wani ya cece ka. Ya ce kamfani ba ya ɗaukar wanda bai san sunan kayan aikinsa ba.

Taubashina ya sha tsayuwa. Namiji guda, mai iyali, da gemu, yana tsaye tsakanin yara 'yan shekara ashirin yana lalube da baki. Ni nake cetonsa, amma sai na bari ya daɗe. Sai na ƙirga har goma a zuciyata, sannan in ɗaga hannu in ce, "Malam, a bar bawana ya zauna, ƙafafunsa na ruwa ne, ba su saba da siminti ba." Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan banza."

Abin da ba wanda ya sani shi ne inda nake samo amsoshin. Taubashina yana da wani littafin rubutu mai jan bango, irin na 'yan firamare. Da la'asar in mun dawo, ni ina kwance ina danna waya, shi yana gaban laftop yana gwada kowace kalma da hannunsa har sai ya ga abin da take yi, sannan ya rubuta ta da Hausa. Har yau ina iya karanto wasu da ka. Rifo, wato rifozitori, ya rubuta, rumbu ne, amma rumbun da ba ya manta abin da aka zuba da wanda ya zuba. Kwamit, in ka gama ɗan aiki ka ɗaure shi dami guda ka ajiye da shaidarka a jiki. Log, jerin dammunan nan tun daga na farko, kowane da sunan mai shi. Akwai kuma bilem, umarnin da ke bin aikin layi-layi yana nuna wanda ya rubuta kowane. A gaban wannan kalma biyu kawai ya sa: mai tonon asiri.

Da safe yana wanka nake buɗe littafin. In karanta, in juya shi da Turanci a kan kabu-kabu, in je aji in zuba. Malam ya taɓa cewa a gaban kowa ni kaɗai ne nake fahimtar abin daga tushe. Wallahi har na fara yarda.

A wata na huɗu Malam ya sanar cewa wani kamfani zai ɗauki mutum uku daga ajinmu, su yi wata shida suna koyon aiki, wanda ya yi kyau a riƙe shi. Ya ce mu kasu biyu-biyu, kowane biyu su gina manhaja ɗaya cikin sati shida. Ya ce, "Kuma kada wanda ya zo min da daɗin baki. Log zan buɗe. Wanda na ga sunanshi shi ya yi aiki."

Da muka sauka a gida taubashina ya buɗe min cikinsa. Ya ce in ya samu wurin nan zai ɗauko iyalinsa su kama ɗaki a Birnin Kebbi. In bai samu ba, ƙwadago zai koma yi a gonakin mutane, don abin da zai sake zubawa a tasa ya ƙare. Haka ya faɗa, ba kwana-kwana. Na ce masa ai ƙwadago ya dace da bawa. Ya kai min duka a ƙeya yana dariya.

Shi ya kawo abin da za mu gina. A fadamarsu manoman rani kan haɗu su biyar ko shida a kan injin ban ruwa ɗaya, kuma kullum rigima ake yi a kan ranar wa ce. Ya ce mu yi 'yar manhajar waya da za ta tsara layin, ta aika wa kowa saƙo ranar da injin ya zo kansa. Ni na so mu yi shafin sayar da takalma. Da ya zana min nasa a takarda, na ga ya fi, na ce to, amma ni zan zaɓi launi.

Launin kuwa na zaɓa. Na yi shafin farko, na sa hoton shinkafa, na gyara Turancin saƙonni. Sauran duka shi ya yi. Bayan sallar asuba yake zama, kafin wuta ta ɗauke, ya yi ta bugawa da yatsu biyu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sunayen abubuwan da ke cikin aikin ma da Hausa yake sa su: ranar ruwa, gonar ƙarshe, mai jiran layi.

A ƙarshen satin farko ya kira ni ya nuna min allon. Ya buɗe log, ga dammunan aikinsa a jere, goma sha wani abu, kowane da sunana a jiki. Tun ranar da aka saka manhajar ajiye tarihin aiki a laftop ɗin sunana aka rubuta mata, don haka duk wanda ya zauna ya yi aiki, ni take sani.

Ya ce, "Ƙanena, sunanka ɗai ka hitowa. Ka canza min shi in zan zauna."

Layi ɗaya ake bugawa a canja sunan, kuma ya fi ni sanin layin, yana cikin jan littafinsa. Amma laftop ta mahaifina ce, a gidan mahaifina yake kwana, tuwon mahaifiyata yake ci. Mutumin da ba ya ƙara miya sai an ce ya ƙara, ba zai goge sunan ɗan masu gida daga kayan ɗan masu gida ya sa nasa ba. Na san haka sarai.

Na ce, "Yaushe bawa ya fara suna? Aikin bawa ai na ubangidansa ne."

Ƙannena mata suna tsakar gida suka ji, suka fashe da dariya. Shi ma ya yi. Me zai yi in ba ita ba?

Bayan sati biyu ya sake tayar da maganar, wannan karon a hankali, muna tafiya masallaci, inda ba mai ji. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, canjawa yanzu zai rikita tarihin, ranar zaɓe ni da bakina zan gaya wa Malam yadda aka yi. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Ka hwaɗi?" Na ce na faɗa. Ya ce, "To, ba komi."

Ba zan yi ƙarya in ce tun ranar na shirya cin amanarsa ba. Ban shirya komai ba. Abin da na sani shi ne duk sanda na buɗe log na ga sunana ya yi jere har ƙasa, wani daɗi nake ji, kuma ba na son ya ƙare.

Ranar zaɓe aka haɗa laftop ɗinmu da babban allo. Wata mata daga kamfanin tana zaune a gefe da littafinta. Ni na yi bayani, da Turancin nan nawa mai santsi, taubashina yana tsaye a bayana da sabuwar rigar da matarsa ta aiko masa. Matar ta yi tambayoyi biyu, ta ce abin yana da amfani. Sai Malam ya ce a buɗe log.

Sunana ne daga sama har ƙasa. Ya gangara, ya gangara, ya koma sama. Ya buga bilem a kan babban fayil ɗin, nan ma layi-layi ni ne.

Malam ya juyo gare ni, ya nuna taubashina da alƙalami, ya ce, "Shi wanga mi ya yi?"

Ga wurin maganar da na yi alkawari. Ba tsoro ne ya kama ni ba, ba kuma mantawa na yi ba. Na dubi matar kamfani, na ga ta riga ta rubuta wani abu. Wuri uku ne, kuma akwai mutum biyu a ajin da kowa ya san sun wuce. Na ji bakina ya buɗe da kansa, da muryar da na saba.

Na ce, "Malam, ya yi ƙoƙari. Shi ke riƙe min caja."

Kai, ban taɓa jin ajin nan ya yi dariya irin ta ranar ba. Wani har da buga tebur. Duk sun san taubasai ne mu, sun saba da bakina, don haka ba wanda ya ga wani abu. Na waiwaya. Taubashina yana dariya. Haƙoransa a waje, kafaɗunsa na motsi, idonsa a kaina bai ƙifta ba.

Malam ya ce adalci ne a ba taubashina dama. Ya ce ya faɗi abin da kwamit take nufi, da Turanci. Taubashina ya buɗe baki. Na san dami yake gani, na san Hausar tana nan a bakinsa tsaf, amma Turancin ya ƙi zuwa. Ya ce "is when you", ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Malam ya bar shi a tsaye ya daɗe, ya ce wata biyar ana ɓata kujera, sannan ya nuna ni. Na ba da amsa, kalma bayan kalma daga jan littafin, har da misalin damin. Matar kamfani ta yi murmushi, ta ce misali mai kyau.

Washegari da safe taubashina ya haɗa jakarsa. Ya durƙusa ya yi wa iyayena godiya mai tsawo. Mahaifina ya ce abin rabo ne, ya yi haƙuri. Na raka shi tashar motar Argungu, duk hanya ina jiran ya zage ni ko ya mare ni, don in samu abin riƙewa. Da zai shiga mota ya ciro jan littafin ya miƙo min, ya ce, "Riƙe, kai za ya yi wa amfani." Na karɓa. Wannan ma na karɓa.

Kamfanin ya ɗauke ni, ya ɗauki manhajar. Wata huɗu ina cin moriyar abin, ina zuba kalmomi a taro, ana cewa yaron nan akwai kai. Sai aka gwada ta da manoman albasa a Augie. Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa ya lura cewa a kowane rukuni akwai gona ɗaya da manhajar ke ba ruwa sau biyu a zagaye, sauran sau ɗaya. Ya ce ko kuskure ne, ko akwai dalili. Ya buga bilem, sunana ya fito a kan layukan. Ya ce, "Kai ka rubuta. Ranar Litinin ka zo min da bayani, ko ka gyara."

Na kwana biyu ina kallon layukan nan ashirin. Ga sunana a gefen kowane, ga kalmar gonar ƙarshe tana maimaituwa, amma ko a mafarki ban san me ya sa ba. Na duba jan littafin, ba komai a kai. Ranar Asabar na shiga motar Argungu. Ina so in ce neman gafara ya kai ni, amma bayani na je nema.

Gwaggo ta tarbe ni da murna, ta sa aka dama fura. Ta riƙe hannuna ta yi ta sa min albarka. Ta ce ya gaya musu irin wahalar da na sha da shi, kullum ni ke cetonsa a gaban malami, kansa ne kawai bai ɗauka ba. Ta ce, "Allah bai yi shi da boko ba, ɗana. Kai dai Allah shi ƙara ɗaukaka ka." Na sha furar har ƙasan kwanon, don in samu inda zan ɓoye fuskata.

A fadama na same shi, a gonar wani, yana dashe cikin laka har gwiwa tare da wasu mutum huɗu. Ya rame. Da ya hango ni ya fito, ya wanke hannu a bakin kwata, ya zo.

Na ɗaga murya yadda na saba, na ce, "Bawana! Ashe nan aka sayar da kai?"

Ya ɗan rusuna. Ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya. Kun zo lahiya? Ya su Baba?"

Kun. Mutumin da ya goya ni a wuya ya tsallaka da ni gulbi, yau ni yake ce wa kun. Na sake gwada wata tsokanar a kan rigarsa, ya ce, "Haka ne, ranka shi daɗe." Ya cire hularsa ya kaɗe min gindin bishiya ya ce in zauna, shi ya tsuguna a ƙasa. Sauran ma'aikatan suna kallonmu, sun ɗauka wani babba ne ya zo daga birni.

Na buɗe laftop na nuna masa layukan. Bai taɓa ta ba, ya sa hannuwansa a baya ya leƙa. Ya ce in ɗaga kai in dubi kwatar. Ya nuna min inda injin yake, ya bi da yatsa har gonar da ke can ƙarshe. Ya ce kafin ruwa ya kai can, ƙasa ta sha rabinsa a hanya. In aka ba mai gonar ƙarshe rana ɗaya kamar kowa, shukarsa za ta bushe yana kallo, shi ya sa tun zamanin kakanni ake ba shi biyu. Ya ce ba kuskure ba ne, kada a taɓa wurin. Duk bayanin bai kai minti uku ba.

Na rufe laftop. Na ce, "Yaya." Ban taɓa kiransa haka ba tunda aka haife ni. Na ce, "Maganar ranar nan, ta caja. Ka san wasa ne."

Ya ce, "Na sani. Ai na yi dariya."

Mai gonar ya ƙwala masa kira daga can, ya ce rana na yi. Ya miƙe, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ce in gaida gida. Na ce zan gaya wa mutanen kamfani gaskiya. Ban san ko da gaske nake ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce, "A'a, Injiniya, ku tai ku yi musu bayani. Sunanku na a wurin." Ya koma cikin lakar ya ɗauki damin irinsa.

Ranar Litinin na tsaya gaban shugabana na yi bayanin gonar ƙarshe, yadda ƙasa ke shan ruwa a hanya, har da nuni da yatsa. Ya dafa kafaɗata, ya ce irin wannan sanin ba a aji ake samunsa ba, sai wanda ya taka laka. A ƙarshen wata shida suka riƙe ni.

Har yau muna haɗuwa da shi a biki da suna da ta'aziyya. Yana tsokanar yayyena, yana tsokanar ƙannena, ya ce zai sayar da su a kasuwar kifi, gida ya cika da dariya. In na shigo sai ya miƙe ya ba ni kujerarsa.